Kwabban Kakanka da Buhunan da na Tara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Abuja lafiya, gajiyar hanya ta bi jiki. Na sa mahaifiyarka ta cusa ta tsakanin kaftaninka biyu, don kada ka gan ta sai ka yi nisa da Sakkwato. Kada ka nemi labarin gida a cikinta. Lokacin da za ka karanta ta ba ka daɗe da barinmu ba, babu abin da zai canza sai tabarmarka da za a naɗe.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ɗan fari ne, tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, sai dai in ce "kai" ko "yaron nan", kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. Abin da baki ya kasa shi ne na ɗauko biro in gwada. Zan ba ka labarin buhunan kwabban nan da ka taso kana gani ƙarƙashin gadona, domin ranar da na dawo daga wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ka ga fuskata, ka yi hankali ba ka tambaye ni ba. Amma kafin nan bari in faɗi abin da ya fi nauyi, in huta. Ina hassadar Baffanka Sanda, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda za ka riƙe wa shago. Na fi shekara ashirin ina yi. Da farko dukiyarsa nake wa ƙyashi, yanzu kuwa kai nake kishi, don ina tsoron ya riga ya zama ubanka ni kuma na zama mutumin da kake gaisarwa da safe.

Kakanka goro yake sayarwa a tsohuwar kasuwa. Mutum ne mai taurin kai, ka ga inda na gado. Lokacin da aka yi canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira, ya canza manyan kuɗinsa, amma kwabbai ya ce ba zai bi layi a kansu ba. Da ya rasu muna share ɗakinsa a gidanmu na Unguwar Rogo, muka tarar da wata tukunya an toshe bakinta da tsumma, cike da kwabo mai huji, irin mai tauraro a baya. Malamin da ya raba gado ya duba ya yi dariya, ya ce wannan ya daina zama kuɗi, mu raba yadda muka ga dama. Muka auna da kwanon sha, ni huɗu, Sanda huɗu. A cikin nawa akwai guda ɗaya mai igiyar fata a hujinsa, wanda Baba yake ɗaure mabuɗin akwatinsa da shi. Ya sha hannu har tauraron ya kusa shafewa.

Sanda ya ce, "Yaya, ka bar min wanga guda, in riƙa tuna Baba."

Na ce, "Cikin kwanona yah hwaɗo."

Ni ma ba wai na damu da kwabon ba ne a lokacin, na ga dai yana so ne. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ina roƙonka ka kiyaye shi. Idan ka ji kana riƙe wani abu da ƙarfi, ka tambayi kanka ko kana son abin ne, ko kuwa don wani ya nuna yana so.

Ba a yi sati ba Sanda ya ɗauki rabonsa a cikin tsohuwar hula ya nufi wurin maƙeran fari, masu zobba da awarwaro. Ni kuwa na zauna a shagona na gyaran rediyo ina ba abokaina labarin wautarsa. Na ce jan ƙarfe kullum tsada yake ƙarawa, ai ina gani a wayar da nake saye, mai hankali ajiyewa yake yi. Maƙeran suka narka masa kwabban suka yi zobba. Ka san tsofaffinmu sun yarda zoben jan ƙarfe yana rage sanyin ƙashi, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Allah masani. Ya bi gida gida da su, cikin wata ɗaya sun ƙare. Ya sayi wasu kwabban wurin mutane, ya koma. A hankali ya daina tsayawa bakin maƙera, ya shiga ya zauna yana zuga musu wuta kyauta. Shekara uku yana dawowa gida da ƙuna a yatsu, ina yi masa ba'a ina ce masa ɗan mai goro ya koma bawan maƙera. Daga jan ƙarfe ya koma azurfa, daga tire ya koma tebur mai gilashi, daga tebur sai shago.

Ranar da ya buɗe shagon nan na farko ban iya cin abincin rana ba.

Maimakon in je in tambaye shi yadda ya yi, sai na yanke shawarar in nuna masa cewa ni ne mai gaskiya. Tun da kwano huɗu ya kai shi nan, ni sai na tara buhu. A lokacin an fara raina ƙananan kuɗin ƙarfe, jajayen kwabban nan na baya-bayan nan, mai ƙosai ma ba ta karɓa. Na fara tarawa. Wanda ya kawo gyara in ce in yana da su a gida ya kawo in rage masa. Mata suka riƙa aiko da na cikin asusunsu, masu tebur suna juye min na cikin gwangwani suna godiya. Har unguwa ta sa min suna Mai Kwabo, ni kuma ina amsawa da fara'a, ina ganin kirari ne. Ɗan abin da ya kamata in sa a shago in sayi kayan aiki, in koyi gyaran talabijin lokacin da mutane suka fara barin rediyo, duk can ya tafi. Buhu ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama biyar.

Ka lura da wannan, domin a nan na fi cutar kaina. Duk shekarun nan ina jin kamar aiki nake yi. In na shiga ɗaki na ga buhunan sai in ji ni ma ina da wani abu a ƙasa, Sanda dai ya riga ni ne kawai. Alhali zaune nake. Ajiya ba ta koya wa mutum komai. Shi kowane zobe da ya ƙera ya bar masa wani abu a hannu, ya san mai saye, ya san mai yaudara, ya san inda ake samun kaya. Ni ban ƙaru da komai ba sai ciwon baya ranar da za a share ƙarƙashin gado. In ka samu ɗan abu a hannunka, ko kaɗan ne, ka juya shi.

Sanda ya sayi fili a Mabera tun ana ce wa wurin daji, na ce kuraye za su cinye shi. Da ya gina ya kira walima, na je na zagaya gidan kaf, ban sami abin cewa ba, sai na ce ƙofar zauren ta yi ƙanƙanta. Ya ce gaskiya ne Yaya, za a gyara. Kuma ya gyara. Wannan halin nasa shi ya fi ƙona min rai. Da mugu ne da na samu sauƙi, sai in ƙi shi da hujja. Amma mutumin nan bai taɓa ɗaga min murya ba, duk Sallah shi ne na farko da zai zo ya durƙusa, da shadda da buhun shinkafa, ni kuma in karɓa ina yaƙe.

Kusan kowace shekara yakan yi min maganar kwabban Baba, don na gaske sun yi wuyar samu. Na tuna wata rana da hantsi ya zo shagona ya zauna kan benci, ya ce, "Yaya, kwabban ga na Baba, ka sai min su. Duk abin da 'yan gwangwan ka ba ka, in ninka maka."

Na ce, "Ba na saidawa na ba. Lokacinsu bai yi ba."

Ya nuna teburina da haɓa ya ce, "To waɗanga sabbin da kaka tarawa, ka taɓa aza musu maye? Ni dai awa ba jan ƙarhe na ba."

Mayen ƙarfe yake nufi, irin wanda muke cirewa a bayan sifika. Jan ƙarfe na gaske maye ba ya kama shi, baƙin ƙarfe kuwa tsalle yake yi ya manne. Ka san teburina, akwai irinsu sun fi goma, a jikinsu nake manna ƙananan kusoshi don kada su ɓace. Na dube shi na ce ni zai koya wa ƙarfe, ni da nake aikin waya tun yana yawo ba wando? Ya ba ni haƙuri ya tafi.

Kana tsammani bayan ya tafi na gwada? Ban gwada ba. Tsakanin teburin da ɗakin taku ashirin ne. Mahaifiyarka ma ta sha faɗi, in damina ta yi takan ce, "Malam, ɗakin ga warin tsatsa shikai, dubi siminti duk ya yi ja." Na san sarai jan ƙarfe ba ya tsatsa, kore yake yi. Sai in ce mata ƙafar gado ce. Gaskiyar ita ce na ji tsoro. In na gwada maye ya kama, Sanda ya yi gaskiya karo na biyu, kuma na gwammace in kwana kan ƙarya da in ji haka. Ɗana, duk abin da kake dogara da shi, ka gwada shi tun da wuri, tun asarar tana ƙarama. In kuma gyara ya zo maka daga bakin wanda ba ka so, ka karɓi gyaran, rashin son kuma ka yi fama da shi daban.

Yanzu in zo kanka. Ranar sunanka ni can na lafe a shago kamar ba ni aka yi wa haihuwa ba, haka al'ada ta ce. Sanda ne ya tsaya kan rago, shi ya raba goro. Shi ba kunya tsakaninku, yana ɗora ka a wuya ya zaga unguwa, yana kiran sunanka tun daga bakin titi. Ni ina jin ku ta taga, ina riƙe da abin ɗori, har dalma ta ƙone ban sani ba. Da aka yaye ka ya zo ya roƙi in ba shi riƙonka, tun da Allah ya ba shi 'ya'ya mata ne kawai. Dangi duk suka ce ya dace. Na ƙi. Aka yi ta ganin baƙina, wai ɗan fari ai ba na uba ba ne. Na hana shi kai, amma ni ma ban ɗauke ka ba. Kunyar ɗan fari gaskiya ce, ban raina ta ba, sai dai na san iyaye da yawa da suke kiyaye ta kuma 'ya'yansu sun san ana son su. Ni na samu wurin ɓuya ne a cikinta.

Abin da nake gaya wa kaina shi ne buhunan nan naka ne. Sanda ya saya maka alewa, ya saya maka keke, ba komai, ranar babbar buƙata tana zuwa, ranar zan jawo buhu biyar in ajiye gabanka, ka san wane ne ubanka. Da wannan nake rarrashin kaina duk lokacin da ka dawo makaranta ka ajiye jaka ka wuce Mabera. Ranar da ka ƙera zobenka na farko kana ɗan shekara goma sha huɗu, sai a bakin mahaifiyarka na ji. Ta ce Baffanka ya sa shi a yatsa yana nuna wa kowa. Na ce Allah ya yi albarka, na fita. Ban nemi in gani ba, kai ma ba ka kawo ba, kuma ban ga laifinka ba.

To ranar babbar buƙatar ta zo wata biyu da suka wuce, da ka gama karatu Sanda ya ce zai buɗe shago a Abuja ya damƙa maka. Na ce a raina ba za a yi haka ba. Ni zan ba ka jari ka buɗe naka a nan Sakkwato, ka zauna kusa da ni, ba a ƙarƙashin kowa ba. Da safe na kira mai keke mai ƙafa uku, muka loda buhunan har ƙafafun keken suka lotsa, na ɗora tukunyar Baba a cinyata, muka nufi wurin wani mai sayen gwangwan a Runjin Sambo. Na sa sabuwar hula, don ka ji irin wautar.

Mutumin ya kwance buhu na farko ya zube a kan tabarma. Bai ko kalli sikeli ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mayen ƙarfe, irin na bayan sifika, irin wanda yake kan teburina. Ya wuce da shi sama-sama, kwabban suka yi tsalle suka manne har ba a ganin hannunsa. Ya kankare ya sake. Haka buhu na biyu, haka na uku. Na ƙasa sun manne da juna don tsatsa, sai da ya sa guduma.

Ya ce, "Baba, wanga duk baƙin ƙarhe na, wanka dai anka yi mai da ja. Kuɗɗin baƙin ƙarhe za ni ba ka."

Na tsaya ina kallon shekara ashirin da wani abu a kan tabarma. 'Yan kaɗan ne suka ƙi bin mayen, ba su cika kwano biyu ba. Zuciya ta ɗebe ni, na juye masa tukunyar ma, na ce ya haɗa duka ya auna, ba na son in sake ganin ko ɗaya. Ya ɗauki mai huji ya duba, fuskarsa ta saki. Ya ce, "To waɗanga su na na gaske. Alhaji Sanda na Mabera nika kai ma irinsu, shi ka saye da daraja." Bai san ni ba, bai san abin da ya faɗa ba. Sai da na hau keke na tuna kwabon Baba mai igiya yana ciki, kuma girman kai ya hana ni komawa.

Abin da na samu duka, bayan na sallami mai keke, shi ne na saya maka jakar da za ka tafi da ita da takalmi ƙafa ɗaya. Jarin ke nan. Saboda haka in wani ya taɓa tambayarka ko ajiye tsofaffin kwabbai don ƙarfensu yana da riba, ka ce ubanka ya gwada maka. Na gasken suna da ɗan kuɗi, amma kuɗin kilo ne, kuma kwano huɗu ba shi da wani nauyi. Farashin ya hau, ba ƙarya, amma gero da kuɗin makaranta sun fi shi gudu. Abin da aka ba ni a kansu bai kai darajar abin da Sanda ya taya tun kana firamare ba. Kwabban Sanda da nawa daga tukunya ɗaya suka fito, da kwano ɗaya aka auna. Ribar tana hannun wanda ya sarrafa su ne.

Shekaranjiya da la'asar ka zo ka durƙusa a ƙofar shagona za ka yi min sallama. Mabuɗin sabon shagon yana hannunka, kuma a jikinsa na ga igiyar fatar nan da kwabon da tauraronsa ya shafe. Na gane shi tun kafin ka kai ƙasa. Ashe Baffanka ya tsince shi cikin kayan da aka kai masa, ya san daga inda ya fito, ya san abin da ya same ni, kuma har yau bai ce min uffan ba.

Ka ce, "Baffa yac ce in gwada maka, in kana so in bar maka."

Na ce, "Mi za ni yi da shi?" Na ci gaba da kwance rediyon da babu abin da ya same shi.

Ƙarya na yi. Ina so, amma ba kwabon ba. Abin da na so shi ne a ce daga hannuna ya shiga hannunka. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gadona, kana wucewa ta gabana safe da yamma, ko sau ɗaya ban kira ka na ce ga abin kakanka ba. Na hana ƙanena, na hana ɗana, na sayar wa baƙo a kan sikeli, ƙarshe ƙanen nawa ne ya ba ka. Ka riƙe shi, ya isa inda ya dace, ko da ba ta hanyar da na so ba.

Ka bi Baffanka sau da ƙafa. Ka riƙe masa amana, kada ka sayar wa kowa abin da aka yi wa wanka ka ce na gaske ne. In ka ga wani sa'anka ya wuce ka, ka je ka tambaye shi yadda ya yi tun zuciyarka ba ta yi tauri ba. Ka tsare sallarka a kan lokaci, ka riƙa aiko wa mahaifiyarka da gaisuwa. Kada maganata ta sa ka rage masa komai na biyayya, ya cancanta, ya ma fi ni cancanta, kuma rubuta wannan layin sai da na ajiye biro na sha ruwa. Ba zan ce maka hassadar ta fita ba, ina dai roƙon Allah ya cire min. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Mabera in yi masa godiya, abin da ban taɓa yi ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma na san ban ajiye komai a wurinka da zan ce a biya ni ba. Za ka riƙa kiransa kullum saboda harkar shago, wannan dole ne. Amma in wani abin daɗi ya same ka, ko na baƙin ciki, ko da sau ɗaya ne a shekara, ka fara kirana kafin shi. Ko na amsa maka da "to" da "madalla" kawai, kada ka ajiye wayar da wuri, ina nan ina saurare.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga mugun ji da mugun gani, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka a hannunka, ya raba zuciyarka da ciwon da ya ci tawa. Kullum bayan sallar asuba ina yi maka wannan addu'ar, kuma a nan nakan faɗi sunanka, Allah kaɗai ya taɓa jin sa daga bakina. Yau ina so kai ma ka gan shi da rubutun hannuna.

Allah ya yi maka albarka, Haliru.

Ni ne mahaifinka.